Gansakukar da Ta Cinye Mana Tanki

Ranar da maigidana ya shigo da tankin kifin nan layinmu a unguwar New Bell, ƙarti na tura shi a amalanken da muke ce wa pus-pus, ina bakin rijiya ina wanki. Na ɗaga kai na ga akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, a bayansa ga jarkoki da bokitai an rurrufe su da tsumma. Na ce, "Maigida, wannan kuma fa?" Ya ce Nasaran da yake wa aikin gida a unguwar Bali ne ya bar masa. Kamfaninsu ya rufe, gobe zai hau jirgi ya koma ƙasarsu.

Na ce, "To madalla. Kuku ya samu firji, direba ya samu babur, mu kuma kifin da ba a ci."

Ya ci gaba da sauke jarkokinsa kawai. Shi dama haka Allah ya yi shi, in ka ji ya jera magana mai tsawo to zazzaɓi ke damunsa. Ni ce mai bakin gidan, kowa a layin ya shaida.

Lokacin kriz ne, wato matsin tattalin arziki. Kalmar ta shiga bakin kowa, har yaran da ba su iya Faransanci ba. Ka ce wa mai nama ya ƙara maka ƙashi, ya ce, "C'est la crise, madame." Kamfanoni na rufewa, albashi ba ya fita kan lokaci, wanda jiya yake da mota yau yana baje gwanjo a bakin titi. Muna zaune ne a gidan Alhaji, wan mahaifin maigidana, mai rumfar yadi a kasuwa. Ɗaki ɗaya namu da yaranmu biyu, ɗaya na Inna, uwar maigidana, sai falo a tsakani wanda kowa ke ratsawa. A falon aka kafa tankin, don nan ne kawai ake da wurin jona wuta. Tun da aiki ya tsaya daga tukunyar Alhaji muke ci, tukunyar kuma ta fara gajiya da mu.

Ba a jima ba Alhaji ya kira maigida zaure. Ina bayan ƙofa ina ji, ba zan ɓoye ba. Ya ce bakuna sun yi masa yawa. A sa ni da yara a jirgin ƙasa, mu tafi wani ƙauye bayan Garwa wurin ƙanwarsa, mu zauna kafin abubuwa su daidaita. Na san wannan "kafin". Na ga matan layinmu da aka tura Arewa su ɗan huta: wata saki ya bi ta can, wasu har yau hutawar suke. Ni a New Bell aka yanke mini cibiya, kakannina ne suka zo daga Kano. Ban san kowa a Garwa ba, Fulatancin nawa ma na ciniki ne.

Ranar ce na ji maigidana ya buɗe baki. Ya ce akwai wani likita, abokin Nasaran, yana gina asibitinsa a unguwar Kotto. Duk zuwansa Bali gaban tankin nan yake zama, kuma ya yi alkawari in gini ya ƙare zai ɗauki tankin ya sa a ɗakin jiran marasa lafiya, ya haɗa da mai kula da shi. Alhaji ya ja carbinsa, sannan ya ce, "To. In Dokta ya ɗauke ka, su zauna. In bai ɗauka ba, kada a sake tayar mini da maganar."

Daga ranar na daina zagin tankin.

Sai da ruwan ya kwanta na gane abin da ke zaunar da babban mutum gaban gilashi. Kifin teku ne ƙanana, wani ja da ratsin fari, wani shuɗi kamar an tsoma shi a baba, wani rawaya mai dogon baki. A ƙasa farin yashi, a kansa duwatsu masu ramuka, a jikinsu kuma murjani. Ni a da na ɗauka murjani abin wuya ne kawai. Ashe abu ne mai rai, yana buɗewa in an kunna fitilar tankin, ya tsuke in an taɓa shi. Maigida ya ce kifi da sauƙi, murjanin ne Dokta yake so, shi ne kuma mai saurin mutuwa.

Dokokin tankin sun fi na asibiti. Ba a sa hannu mai sabulu. Ba a ƙara ruwan rijiya, don rijiyar New Bell da masai kafaɗa da kafaɗa suke. In zafi ya rage ruwan, na sama ake ƙarawa, wanda aka tara a roba mai tsabta a tsakar gida, ba na indararo ba, don gishiri ba ya tashi, ruwa ne kawai ke tashi. Lokaci-lokaci a zuƙe wani kaso da tiyo a zuba sabon ruwan teku. Na kogin Wuri bai yi ba, laka ce da man jirgi, sai an kawo daga garin Limbe da ke bakin teku. Akwai wani direba a kasuwar Grand Hangar, can hayin gada, da ke ciko mana jarkoki in ya kai kaya. Abinci kuwa ɗan mitsitsi, jatan lande da aka daddatsa, abin da za su cinye kafin ka juya. Maigida ya ce duk abin da ya rage a ruwan ya zama taki.

Sai aka shiga kashe gari. Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba taksi, samari na ƙona taya a kan hanya, soja a kowace kwana. Asabar da Lahadi kawai ake buɗewa a yi cefane a guje. Ginin Dokta ya tsaya, ya aiko cewa mu yi haƙuri mu riƙe masa tankin. Direban Limbe ya ajiye motarsa, sai jefi-jefi in ya ga hanya. Ruwan tekun da ke hannunmu muka shiga tattalinsa fiye da man girki.

Da farko wata ƙura ce ruwan ƙasa ta fara kwanciya a gilashi da yashi. Ka goge da safe, da la'asar ta dawo. Maigida ya ce wannan ba komai, duk tankin da aka tayar yana yin ta, za ta wuce. Ba ta gama wucewa ba sai ga koriya mai gashi ta fito a jikin duwatsu, tana kaɗawa a ruwa. Wannan kam ta hana shi cin abinci. Ya ce gansakuka ba ta zuwa haka kawai, abu biyu take bi, haske da taki. Ya rage lokacin fitila, ya rataya tabarma a taga don kada rana ta taɓa gilashin, ya rage wa kifin abinci har na fara jin tausayinsu. Muka duƙufa, shi da tsohon buroshin haƙori, ni da yatsuna, ina tsige ta kamar ina figar kaza, yana zuƙe abin da ya warwatse. Akwai wata kuma mai fitowa ƙwallo-ƙwallo, koraye masu sheƙi, gwanin kyau. Na kai hannu zan fasa ɗaya ya riƙe ni, ya ce in ta fashe iri za ta watsa, sai dai a ɓanɓare ta a hankali da bakin cokali a fitar da ita ɗungurungum.

Duk abin da ya koya a Bali ya yi, gansakuka sai ƙaruwa take. Ya fara kallona a kaikaice. Ko na wanke roba da sabulu? Ko na bar yara sun zuba wani abu?

Na ce, "Ka ga, Maigida, kada ka soma. Ni za a ɗora a jirgi, ba kai ba. In akwai mai tsoron ruwan nan a gidan nan, ni ce."

Ni na fara ganin maiƙon. Wata safiya na duƙa ina goge gilashi daga ƙasa, na ɗaga ido na ga saman ruwan yana walƙiya irin yadda miya ke yi in ta huce. Na dangwala na shinshina. Man gyaɗa! Na tona bayan wani dutse da cokali, sai ga wani farin abu ya narke ya yi tsami. Duk macen da ta taɓa jiƙa shinkafa ta san ƙullun masa in ta ji warinsa.

Washegari bayan sallar asuba ban koma kwanciya ba. Maza sun tafi masallaci, na tsaya bakin ƙofarmu na ɗan ɗage labule. Sai ga Inna ta fito daga ɗakinta da carbi. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da masa. Ita ba ta iya tauna ɗumame, shi ya sa kullum ake saya mata masa a ƙofar gida, ashe ragewa take ta ajiye. Ta tsaya gaban tankin ta yi bismilla, ta riƙa marmasa ta a ruwa tana motsa baki. Kifin suka taso suna wawaso, fiye da rabi ya nutse tsakanin duwatsu. Ta shafa addu'a ta koma ɗaki. Ni kuwa na zauna a dandamalin ƙofa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, muna ce mata Goggo. Ita na je na tasa a gaba har ta faɗa mini. Ranar da Alhaji ya yanke hukuncinsa Inna ta je wurin wani malami, ya ce ta riƙa ba da sadaka ga mai rai da ba ya iya roƙo, kullum da asuba, daga abin da za ta ci, kada ta yi fashi har ɗanta ya samu aiki. Malamin ya tafi Arewa tun kafin a rufe hanya. Inna ta duba gidan, ba akuya, ba kaza, ga kuma bayin Allah a cikin gilashi ɗanta yana ba su abinci kamar ana awon magani.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai da sauƙi, a faɗa mata mana. Maigidana ɗan fari ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Yana gaishe ta yana kallon ƙasa, tana amsawa tana kallon bango. In tana son sanin ko ya ci abinci, ni za ta tambaya, "'Yar nan, wancan ya ci kuwa?" alhali ga shi tsaye a gefenta. Ni kuma surukarta ce. Ni da na taɓa sa direban taksi ya fito daga mota ya ba ni haƙuri a tsakiyar unguwar Akwa, a gaban Inna ko ruwa ban taɓa sha ba.

Na faɗa wa maigida. Ya dafe kai ya ce, "Ke za ki gaya mata?"

Na ce, "Uwata ce ko uwarka?"

Ya ce, "Shi ya sa ba zan iya ba."

Muka fara da 'yarmu babba, tunda jika ba ya kunyar kaka. Na koya mata maganar har ta hardace. Ta je ta tsaya gaban Inna ta ce, "Kaka, masarki ce ke ɓata ruwan Baba." Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ja'ira! Rowar taki har ta kai ga kifi? To gobe ke ma ba zan rage miki ba." Duk abin da ya fito daga bakin jika wasa ne, ko da kuwa gobara yake faɗa.

Na koma wurin Goggo. Na zayyana mata komai, na rantse, na yi kuka. Ta ce, "Bar ni da ita, 'yata." Amma ita ma da ta zauna gaban ƙawarta, bakinta ya kasa cewa sadakarki ce ke cutar ɗanki. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta ƙare da cewa kifin nan fa ba su da lafiya, a riƙa yi musu a hankali. Washegari Inna ta fito da masa a hannu ɗaya, a ɗayan kuma ludayin kunu, don marar lafiya ya samu mai ruwa-ruwa. Ina bayan labule na cusa mayafi a baki don kada ihun ya fito.

Na roƙo 'yan tsaki biyu a maƙwabta na sake su a ƙofar ɗakinta, ko za ta mayar da sadakar kansu. Ta yi murna, ta sa mini albarka, ta raba masar gida biyu. Kifi suna samun nasu, tsaki suna samun nasu, tsohuwa ce ta rage ba ta samu. Maigida ya yi ƙarfin hali ya je wurin Alhaji, ya fara jan zancen daga nesa. Alhaji ya katse shi, ya ce, "Tsaya. So kake a ce wa uwarka ta daina sadaka saboda kifi? Kai da bakinka?" Ya dawo kansa a ƙasa. Mun yi tunanin mayar da tankin ɗakinmu, inda Inna ba ta taɓa sa ƙafa ba, amma ƙofar ta yi ƙunci, gilashin kuma ya tsage a kusurwa tun ɗaukar farko, maigida ya ce in aka sake ɗaga shi ba zai kai ba.

Ni na kawo shawarar murfi. Ya samo katako ya yi shi da kyau, da ramukan iska, da ɗan kwaɗo a gefe. Muka ce saboda yara ne. Da asuba muna tsaye mu biyu bayan labule, don ranar ko masallaci bai je ba. Inna ta fito, ta kai hannu, ta ji katako. Ta shafa shi har ta kai ga kwaɗon. Ba ta ja ba, ba ta kira kowa ba. Ta tsaya kawai da masarta a hannu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa cikin farin mayafi, tana kallon kifin suna kallonta. Ta daɗe a haka. Na ji numfashin maigida ya canza a bayana. Kafin in riƙe shi ya fita, ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe kwaɗon, ya ɗauke murfin ya fita da shi tsakar gida. Da rana na hura wuta da katakon.

Na ce masa, "Ka zaɓa ke nan."

Ya ce, "Ban zaɓi kowa ba. Ba zan iya ganinta a tsaye haka ba."

Na ce, "To ni za ka iya ganina a tsaye a tasha." Na zage shi ranar, zagi na gaske, da ƙaramar murya don kada Inna ta ji. Ka ji fa, ko a cikin fushin kunyarta nake ji.

Abin da ya rage mini shi ne in riƙa bin bayanta. Tana shiga ɗaki in fito da matacin shayi in kwashe abin da ke yawo. Amma masa ba ta jira, tana taɓa ruwa take narkewa, famfon da ke juya ruwan tankin ya tura ta cikin ramukan duwatsu inda hannu ba ya kai. Maiƙon kuma in shimfiɗa masa tsohuwar jarida in ɗage, ya fita rabi ya bar rabi. Da da ruwan teku a wadace da mun riƙa canzawa muna rage dattin. Wata Asabar maigida ya taka da ƙafa har Grand Hangar, ya tarar direban ya sayar da tayoyin motar. Ya dawo da jarkoki wayam, ƙafarsa ta kumbura.

Sannan jar gansakuka ta zo. Wannan ba gashi gare ta ba, shimfiɗa take kamar fata, ja mai duhu, mai yauƙi, da 'yan kumfa a jikinta. Ta rufe yashi, ta hau duwatsu, ta fara hawa murjani. In ka zuƙe ta takan taso falle-falle, sai ka ce ka gama da ita, kafin la'asar ta sake rufewa. Wari gare ta irin na kwata bayan ruwan sama. Maigida ya ce wannan ita ce mugunyar, tana son ruwa mai datti wanda ba ya motsi. Ga wuta ana ɗaukewa yini guda, famfo ya tsaya. Sai mu karɓi famfon keke bi da bi muna hura iska ta tiyo, ni da goyo a baya, har kafaɗata ta daina jin tawa ce. Ya ce a gwada duhu, a lulluɓe tankin da bargo na 'yan kwanaki ko yunwar haske za ta kashe ta. Inna ta riƙa ɗage kusurwar bargon a hankali, ta ba da sadakarta, ta mayar ta gyara shi tsaf.

Murjanin ya daina buɗewa. Wanda ke sama ya fara fari daga baki, namansa na saɓulewa, ƙashin na fitowa. Kifin rawaya ya mutu, shuɗin ya bi shi. Ina tsamo su da matacin shayi ina kuka kamar wata mahaukaciya, ni da ke fasa cikin kifi a madafa ko ido ba na ƙiftawa. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai. In na kwanta sai in ga ƙauyen da ban taɓa gani ba, in ga yarana suna kiran wata mata da ban sani ba Goggo. Na roƙi Allah ya sa Inna ta makara, ko ta manta. Wata rana har na roƙa mata ɗan zazzaɓi, na yi istigfari, na sake roƙa.

Akwai safiyar da na fito. Wallahi na fito. Na tsaya a gabanta tana riƙe da masar, na ce, "Inna." Ta juyo ta ce, "Na'am, 'yar nan." Na ga wuyanta ya rame, zoben hannunta yana yawo a yatsa. Na buɗe baki zan faɗa mata. Abin da ya fito shi ne, "An tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Allah ya yi miki albarka, kina wahala da bayin Allahn nan." Ta marmasa masarta ina tsaye ina kallo.

Da aka fara sassauta kashe garin, Dokta ya aiko zai zo ranar Asabar. Muka yini muna kankara. Muka fitar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya muka goge su a bokiti, muka zuƙe ja har yashi ya fito fari, muka juya matattun murjani suka kalli baya. Da safe tankin ya yi kamar mara lafiyar da aka yi wa wanka aka shafa masa hoda. Dokta bai zo da safe ba, sai bayan la'asar, lokacin ja ta gama dawowa.

Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire takalmi a ƙofa, ya gaishe da Inna da 'yar Hausarsa. Ya duƙa gaban gilashin ya daɗe. Ya nuna farin ƙashin da muka ɓoye, ya tambayi maigida da Faransanci ina wancan mai rassa, ina kifin rawaya. Maigida ya ce sun mutu. Dokta ya tambaye shi me ya faru, shi da ya riƙe tankin nan shekaru a Bali ba ko ɗigon gansakuka. Na kalli maigida. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, fuskarta cike da fata. Ya ce, "Ruwa ne, Dokta. Ba a samun ruwan Limbe."

Dokta ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. Ya ce ba zai iya sa wannan a gaban marasa lafiya ba, sayen sabo kuma ba a wannan zamanin ba. Ya dafa kafaɗar maigida ya ce, "Ashiya." Ni ma ya ce mini ashiya, kalmar da ake jajanta wa mutum da ita a garin. Alhaji yana zaure, duk ya ji, ko tambaya bai yi ba. Bayan magariba ya aiko a ce in fara haɗa kaya.

An ce wata biyu ko uku kawai za mu yi a can. Amma tun da na tafi, ban sake kwana a ɗakin nan a matsayin matar gida ba. Sauran kifin suka mutu kafin ranar tafiya, maigida ya zubar da ruwan a kwata da kansa, ya ƙi in taya shi.

Safiyar da za mu tafi, kaya na zaure, Inna ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta ce in matso. Ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Hannun nata ba nauyi ko kaɗan.

Ta ce, "'Yar nan, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa a gidan nan ba, don ki tafi da sanyin zuciya. Tun ranar da aka ce za a raba ku nake ba kifin nan sadaka saboda wancan. Ban yi fashi ba ko sau ɗaya, har ranar da ban sa komai a bakina ba. Kada ki ga kamar ba a karɓa ba. Kin ga yadda suka mutu ɗaya bayan ɗaya? Abin da ya taso masa ne ya sauka a kansu. Da ba su ba, da shi ne."

Tana kallona, idonta fal da hawaye, tana jiran in ji daɗi. Maigida yana tsakar gida yana ɗaure katifa, na san yana ji, don igiyar ta daina motsi.

Na ce, "Allah ya karɓa, Inna."

Ta ce, "Amin, 'yata. Amin."

Na goya ƙaramin, na kama hannun babbar, muka fita.